Jar Fata a Cikin Leda

Mu majema ne. Kakana jima ya yi, mahaifina ma jima ya yi, a wani fili bayan tsohuwar ganuwa ta wajen Ƙofar Rini, inda ƙasa ke gangarawa zuwa fadama. Akwai kwatarniyoyi binne a ƙasa har wuya, da bishiyar bagaruwa guda ɗaya, da rumfar kara inda ake shanya. Jar fatar akuya ce sana'ar gidanmu. A jiƙa ta da toka har gashi ya saki, a kankare, a sa ta cikin ruwan kashin tattabaru ta yi laushi, sannan ta kwanta cikin bagaruwa har ta jemu, daga ƙarshe a rina ta da karan dafi. Wanda ke wannan aiki wari ba ya rabuwa da shi, ko da wane sabulu ya yi wanka. A firamare yara kan toshe hanci in na shigo aji. Ban taɓa faɗa a gida ba, amma tun lokacin na ƙudurta ba zan tsufa a bakin kwatarniya ba.

Karatuna bai yi nisa ba. Na gama firamare, na ɗan taɓa makarantar koyon sana'a, sai kuɗin mai ya shigo ƙasa. Sojoji ke mulki. Ma'aikata suka sami ƙarin albashi, garin Sakkwato ya cika da sabbin babura da rediyo, ko'ina ka duba ana zuba bulo. A lokacin ne wasu masu hali suka haɗu da Turawa suna gina kamfanin jima na inji a bayan gari, aka ɗauke ni aiki. Ba a daɗe ba aka ce za a tura mutum biyu Ingila su yi 'yan watanni suna koyon injinan kafin a kawo su. Ni ne ɗaya. Ɗayan wani Kirista ne mutumin Filato, mai aikin lantarki, yana zaune da iyalinsa a Gidan Igwai. Ya girme ni kaɗan. Ina ce masa Injiniya, shi kuma ba ya kirana da komai sai Basakkwace.

A wannan shekarar Baba yana cikin tunani biyu. Wani ɗan kwangila ya matsa masa ya sayar da filin majema, zai yi shaguna. Ga kuma ƙanena, wanda ya taso a wurin aikin, hannunsa ya fara faɗawa, amma idonsa na kan babur irin na tsaransa. Baba bai san ko ya riƙe yaron da filin ba, ko ya sake su duka.

Ana gobe zan tashi ya kira ni rumfa. Ni ne ɗan farinsa, don haka bai taɓa ambaton sunana ba. Ya ciro wata fata ya shimfiɗa a cinyarsa. Na ga fatu da yawa a rayuwata, amma wannan daban take. Ja ce wur, mai laushi kamar alawayyo, in ka dunƙule ta a hannu ka saki sai ta miƙe ba ko alamar karaya.

"Kai wanga," ya ce, "tahi da wagga. Tun zamanin kakanka an ce can ƙasarsu hwatarmu ka zuwa. Ka gwada musu. Ka ji in har yanzu suna so. In suna so, ni da ƙanenka muna nan. In ba su so, in sani."

Na ce to. Ya naɗe ta da kansa cikin wani tsohon farin ƙyalle. Inna ta ƙulla mini yaji da kilishi. Muka hau mota zuwa Kano, daga can muka shiga jirgi.

Garin da aka kai mu ba Landan ba ne. Wani gari ne na masu yin takalma, gidajensa duk jan bulo, a jere, iri ɗaya, har sai da na yi kwanaki ina gane namu da wata fasasshiyar tukunyar fure da ke bakin ƙofa. Wata tsohuwa da mijinta ya rasu ita ta ba mu ɗaki a bene. Tana da ɗan kare mai gashi har ido. Ranar da muka sauka, karen ya nufi akwatina kai tsaye, yana shinshina yana kuka. Tsohuwar ta shigo, ta ɗaga hanci, ta ce wani abu da sauri. Injiniya ya fi ni jin Turanci.

"Tana tambaya ko mun zo da mushe," ya ce yana dariya.

Na nuna mata kilishi. Ta girgiza kai ta fita. Amma ni na san ba kilishi karen ya ji ba. A take na koma ɗan ajin nan da ake toshe wa hanci. Da Injiniya ya sauka ƙasa, na ciro fatar, na sami wata babbar leda mai kauri da aka zubo mana barguna a ciki, na sa ta, na ɗaure bakin tam da igiya. Na tura can ƙarƙashin gado, jikin bango.

Ɗan majemi ya san fata tana son iska. Na sani. Amma a Sakkwato ka jefa fata a lungu shekara ba abin da zai same ta sai ƙura. Ban san akwai ƙasar da bango ke gumi ba.

Zaman ya miƙa. Mu tashi da duhu, mu dawo da duhu. Rana in ta fito kamar an rufe fitila da tsumma. Ban iya gane azahar da la'asar ba sai da agogo. Injiniya ne ya nemo mini alƙibla, ya tambayi wani Bapakistane mai shagon nama, ya dawo ya zana mini alama da alli a ƙasan taga. Alwala ta zama rigima tsakanina da tsohuwar, don kullum sai na jiƙa mata dardumar banɗaki. Abinci kuwa dankali ne, yau a dafe, gobe a soye, jibi a kirɓe, da wake na gwangwani mai zaƙi kamar an zuba masa zuma. Yajin Inna ne ya riƙe mu. Da ya kusa ƙarewa Injiniya ya fara ɓoye ƙullin a aljihun kwat ɗinsa.

"Na uwarka ne ko na uwata?" na ce masa.

"A ƙasar nan uwarmu ɗaya, Basakkwace. Miƙo dankali."

A masana'antar, abin da na gani ya kashe mini jiki. Manyan ganguna na katako, kowace ta kai ɗaki, suna juyawa da fatu a ciki. Abin da Baba zai yi makonni yana yi, su kafin a tashi aiki sun fitar da tuli. Ba bagaruwa, ba toka. Wani garin magani suke zubawa, fatar ta fito shuɗi-shuɗi. Malamin da ke koya mana, wani dogo mai lofe, ya tambaye mu ranar farko ko akwai wanda ya taɓa aikin fata. Na ce mahaifina ɗan kasuwa ne, yana saye da sayarwa. Injiniya ya dube ni, don ya san sana'ar gidanmu da saƙon Baba. A hanyar gida ya tambaye ni.

"Yaushe Baba ya zama ɗan kasuwa?"

"Yana sayarwa mana."

"Ina saƙon da ya ba ka?"

"Yana nan. Sai na ga wanda ya dace."

Ya sha yi mini wannan tambaya. Kullum amsata ɗaya.

Ranakun Asabar mukan fita ganin gari. Mun shiga kasuwarsu, inda ba mai tayawa ba mai cewa albarka. Mun je kallon ƙwallo sau ɗaya, sanyi ya kore mu kafin a tashi. Wata Asabar muka hau jirgin ƙasa zuwa Landan. Muka shiga bas mai bene, muka zauna a sama can gaba, Injiniya yana riƙe da ƙarfe yana cewa direba ba ya ganin hanya. Muka ga kogin da ya raba garin, ruwansa baƙi, ba mai wanki ba mai kamun kifi. Muka tsaya ƙofar gidan sarautarsu muna kallon sojoji masu dogayen huluna na gashi, tsaye ƙiƙam kamar an dasa su. Mutane na kallon fuskokinsu, ni ina kallon hulunan, ina tunanin wace dabba ce kuma yaya aka jeme ta da gashinta.

Daga nan muka faɗa wani babban fili mai gumakan zakuna, tattabaru sun rufe shi. Ban taɓa ganin tattabaru haka ba. Suna sauka a kan mutane, a kafaɗa, a hannu. Kashinsu ya yi fari fat a kan dutse, wani mutum yana wanke shi da tiyo yana korawa cikin kwata. Bakina ya riga ni.

"Kai! Dubi dukiya ana zubarwa! Da Baba ya ga wannan, da buhu zai zo."

Injiniya ya yi dariya har ya dafa gwiwa. "Ɗan kasuwar? Me ɗan kasuwa zai yi da kashin tsuntsu?"

Wani mai hoto ya zuba mini tsaba a tafin hannu ya ɗauke ni. Hoton yana nan. Ina cikin kwat da ya fi ni girma, tattabara a kaina, ina washe baki. A lokacin fatar Baba ta yi watanni a cikin leda.

Saura kaɗan mu dawo, malaminmu mai lofe ya ce zai kai mu mu ga wani abu na da. Ya kai mu wani lungu, wani ɗan shago mai ƙaramar ƙofa, inda wani tsoho da 'yarsa ke yi wa littattafai bango da fata. Ina sa ƙafa na ji shi. Ƙanshin bagaruwa. Shi ne dai, na rumfarmu, a tsakiyar ƙasar Turawa. Tsohon ya jawo wata fata daga kantar shagon ya shimfiɗa. Jar akuya ce, jimar hannu. Da ya ji daga inda muka zo sai ya cire tabarau ya yi ta magana. Injiniya yana juya mini abin da ya wuce ni. Ya ce ta inji ba ta yi masa aiki. Ya ce irin wannan yake nema, kuma kowace shekara tana ƙara wuyar samu, dillalan da ke kawo masa sun ce masu yi suna bari. Ba shi kaɗai ba ne, in ji shi, akwai irinsa a wasu garuruwa, duk kukansu ɗaya.

Injiniya ya taka mini ƙafa. Na kau da kai. Ya sake takawa. Da ya ga ba zan buɗe baki ba, sai ya nuna ni da yatsa ya ce wa tsohon, wannan da kake gani ubansa ke yin ta, kuma ya zo da guda.

Na zaci kunya za ta kashe ni a gaban malaminmu. Amma tsohon ya kama hannuna da hannu biyu. Ya ce in kawo masa kafin mu tafi, ko da ranar Lahadi ce zai buɗe.

Ban san yadda na hau benen nan ba. Na durƙusa na jawo ledar. Tun kafin in kwance na ga ruwa ya taru a cikinta ɗigo-ɗigo. Farin ƙyallen Baba ya yi baƙi. Fatar kuwa funfuna ta cinye ta, kore da fari, kamar tuwon da aka manta a kwano. Na sa tsumma na goge, tabon ya ƙi fita, ya shiga cikin jan. Hankalina ya tashi. Sai na ƙara wauta a kan wauta: na shimfiɗa ta a kan ƙarfen ɗumama ɗaki don ta bushe da wuri. Kafin in ankara ta ƙandare. Na lanƙwasa gefe, ta tsage.

Injiniya ya shigo ya same ni zaune a ƙasa. Ya ɗauki ledar ya duba, ya ajiye.

"Kai mata shi haka nan," ya ce. "Tsohon nan zai gane. Ka ce kai ka ɓata ta."

"In kai masa wannan in ce aikin ubana ne?"

"Ka ce aikinka ne. Na ubanka yana ƙarƙashi."

Na ce zan je gobe. Goben ta zo muka shiga sayen tsaraba. Na sayo wa Baba agogo da bargo, Inna atamfa da lema, ƙanena rediyo. Sau biyu ina wucewa ta bakin lungun. Ban shiga ba.

Da muka dawo, gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Na yi ta ba da labarin bas mai bene da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ƙasa da gangunan da ke jeme fata ɗari a yini. Ƙanena yana zaune bakin ƙofa, baki buɗe. Baba bai tambaye ni komai ba a gaban mutane. Sai da aka kwana biyu, bayan la'asar, ya aika a kira ni rumfa.

"Ina saƙona?"

Na miƙa masa. Na riga na jefar da ledar tun can. Ya warware a cinyarsa, inda ya naɗe ta. Ya daɗe yana kallo. Ya shafa, ya kai hanci, ya lanƙwasa gefe ya ji ta ce ƙas.

"Ina ka aje ta?"

"A ɗaki, Baba. Ƙarƙashin gado."

"Ruwan sama ya taɓa ta?"

"A'a."

Duk abin da na faɗa gaskiya ne. Na tsaya ina jiran tambaya ta gaba, wadda za ta kai mu ga leda. Da ya yi ta, ina jin da na faɗa. Bai yi ba. Ya juya tafin hannunsa yana dubawa, hannun nan da bagaruwa ta rina har cikin farce.

"To jimar ce ba ta kama ba," ya ce a hankali. "Na daɗe ina jin ido ya rage. Ashe hannu ma ya bi shi. Wagga ita ce wadda ni ka taƙama da ita." Ya ɗago kai. "Sun gani?"

"Ban nuna musu ba, Baba."

"Madalla. Ka kyauta. Ka ruhe mini asiri. Allah shi yi maka albarka."

Na ce amin. Da bakina na ce amin. Labarin tsohon mai littattafai yana nan a maƙogwarona, amma in na fito da shi dole in fito da sauran. Na tashi na ce zan je masallaci.

Kafin damina Baba ya ba ɗan kwangilar filin. Ya ce in tafi da ƙanena kamfani, in roƙa a ɗauke shi ko a wanke ganguna ne. Aka tono kwatarniyoyin, wasu suka fashe wajen cirewa, biyu Inna ta kai gida tana ba awaki ruwa a ciki. Aka sare bagaruwar.

Injiniya ya zo gaishe shi wata rana. Baba ya ba shi labari da kansa, yana 'yar dariya, cewa ƙasar Turawa ta tona masa asiri, ta nuna masa ya tsufa. Injiniya ya sunkuyar da kai yana wasa da makullin babur ɗinsa. Da na rako shi waje bai tayar da babur ɗin ba.

"Basakkwace, wannan ba daidai ba ne. Koma ka faɗa masa."

"An riga an sayar da filin. Me zai ƙara?"

"Ba fili nake magana ba. Mutumin nan yana zaton hannunsa ya mutu."

Na ce zan nemi lokacin da ya dace. Ya dube ni kamar yadda ya dube ni a Ingila, ya tayar ya tafi.

Kamfanin namu ya yi 'yan shekaru yana aiki. Daga baya kuɗin ƙasa ya ja baya. Wani ƙarfe ya karye a babban inji, aka ce an aika a kawo, bai zo ba. Maganin da ake zubawa shi ma daga waje yake zuwa, ya yanke. Muka riƙa zuwa muna zama a inuwar ganguna har aka ce mu dakata a gida, za a neme mu. Ba a neme mu ba. Injiniya ya kwashe iyalinsa ya koma garinsu, ban sake jin ɗuriyarsa ba. Ƙanena bai gama koyon ta hannu ba, ta inji kuma ba inji. Ya yi dako a kasuwa, ya yi gadi, daga baya ya tafi kudu neman abin yi. Can ya rasu. Ni na ƙare ina sayar da takalman roba a Ƙofar Atiku.

Baba ya yi shekarunsa na ƙarshe a bakin zaure, agogon da na sayo masa a hannu, ba ya duba shi. Tsoffin abokan sana'a in sun kawo masa fata ya duba musu, sai ya ce su kai wa mai ido. Sau da yawa nakan zauna kusa da shi da niyyar yau zan faɗa. Sai ya tambaye ni labarin tattabarun nan, in sake ba shi, ya girgiza kai ya ce ashe akwai ƙasar da ake wanke kashin tattabara da tiyo. Mu yi dariya. In tashi.

Bayan rasuwarsa, da ake kwashe kayan ɗakinsa, na sami fatar a ƙarƙashin shimfiɗarsa. Gefenta duk an yanyanka, ƙanana ƙanana, wani yankan tsoho wani sabo. Na san wannan yanka. Haka majemi ke yi in yana son ya ga ko bagaruwa ta ratsa har tsakiya. In ba ta ratsa ba za a ga farin zare a tsakiyar kaurin. Na fita da ita rana na duba yankan ɗaya bayan ɗaya. Babu fari ko kaɗan. Ta jemu sarai, daga wannan fuska har waccan.

Ke nan ko dai idonsa ya riga ya gaza ganin haka, ya yi ta yanka yana neman kuskuren da babu shi har ya koma ga Allah. Ko kuma ya gani tun yankan farko, ya san ba daga hannunsa ba ne, ya san daga wa ne, ya zauna shekaru yana jira in buɗe baki. Na auna su biyun tun ina da baƙin gashi, ban sami wanda ya fi sauƙi ba. Inna ta bi shi ba da daɗewa ba. Babu sauran wanda zan tambaya.

Wurin majemar yanzu shaguna ne, har da mai cajin waya. Jikokina ba su san warin bagaruwa ba. In sun zo sukan ce in nuna musu hoton da tattabara ta hau kaina, in nuna musu, su yi dariya. Fatar tana ɗakina a rataye jikin ƙusa, inda iska ke ratsawa.